Cocin Angilikan a Ingila bai mutu ba

Sau da yawa ana cewa cocin Angilikan ya mutu a Ingila, tunda kujeru ba kowa ranar Lahadi. Maganar da ƙamshin gaskiya: masu zuwa sujadar Lahadi yanzu ba su kai miliyan 1 ba.

Sai dai ƙirga kawuna ranar Lahadi ba ya nuna dukkan aikin cocin. An raba Ingila kaf zuwa gundumomin coci, kuma a doka limamin gunduma na duk mazaunanta ne, har da wanda bai taɓa leƙa sujada ba. Dubi makarantu: kusan kashi 1 cikin 4 na firamaren Ingila na wannan coci ne, kuma 'ya'yan Musulmi da na marasa addini suna karatu a cikinsu.