Kafin ka zagi minista, nemo lambar aikin

Jama'a, duk sati sai an ɗora hoton wani asibitin ƙauye da jemagu suka mayar gida, ko rijiyar burtsatse mai sola da tankinta ya bushe tun kafin fentin allon sanarwarta ya dushe. A ƙarƙashin hoton kuma magana ɗaya ce kullum: "Muna kira ga gwamnati da ta dube mu da idon rahama." Wannan kira ba shi da adireshi, shi ya sa ba ya isa ko'ina. Babu ofishin da ake kira "gwamnati". Akwai ma'aikata, akwai hukuma a ƙarƙashinta, akwai layi a cikin kasafin kuɗi mai lamba, akwai ɗan kwangila, akwai kuma injiniyan da ya sa hannu cewa an gama aiki. Ra'ayina shi ne ba za a taɓa tuhumar minista a kan aikin karkara da kuka da zagi ba. Da takarda ake yi, kuma sai an san wace takarda ce da kuma teburin da za a ajiye ta.

Mu fara da abin da ba mu so a faɗa: yawancin abin da ke damun mutumin ƙauye ba a hannun minista yake kai tsaye ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin harkar makarantun firamare da kiwon lafiya. Albashin ungozoma da malamin firamare daga jiha da ƙaramar hukuma yake fitowa. Hanyar da ta haɗa ƙauyenku da kasuwa, in ba babban titin tarayya ba ce, ministan ayyuka ba shi da ruwa da ita. Duk wanda ya tare ministan lafiya da maganar ba ma'aikaci a asibitin garinsu ya ba shi hanyar tsira cikin sauƙi, don zai ce wannan na gwamna ne, kuma gaskiya ya faɗa. Gwamna ya ce na ciyaman ne, ciyaman ya ce kuɗinsa na hannun gwamna. Haka ake ta jifa da ƙwallon har damina ta wuce.

To ina hannun minista yake? A kan kuɗin da Abuja ke turawa, da hukumomin da ke ƙarƙashinsa, da sharuɗɗan da ya kamata ya tilasta wa jihohi kafin ya sake musu ko sisi.

Ɗauki lafiya, don nan ne doka ta fi fitowa fili. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake kira BHCPF, ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Dokar ta raba kuɗin: rabi ya bi ta hanyar inshora don biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, kashi 45 ya bi ta hukumar kula da lafiya a matakin farko ta ƙasa, NPHCDA (20 na magunguna da alluran rigakafi da kayan aiki, 15 na gyaran gini da kayan asibiti da sufuri, 10 na ma'aikata), kashi 5 kuma na agajin gaggawa. Manufar ita ce a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓar kansila, mazaɓun kuwa sun haura 8,800. Asibitin da aka zaɓa yana da asusun banki nasa na kansa, ana tura masa kuɗi duk wata uku, wanda a shekarun farko bai wuce naira dubu 300 da ɗoriya ba. Masu sa hannu a asusun su ne incajin asibiti da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wato mutumin garinku ne, ba baƙo ba. Kafin a taɓa kuɗin sai an rubuta tsarin abin da za a yi da shi a wannan zangon.

Kun ga tambayoyin sun fito da kansu. Asibitin mazaɓarmu yana cikin jerin masu karɓa? Zango nawa aka biya a bara, huɗu ko biyu? In biyu ne, ina sauran suka maƙale, a Abuja ko a jiha? Galibi abin da ke tsayar da kuɗin ɗaya ne cikin uku: ba a saki kuɗin daga sama ba, jiha ba ta cika sharaɗinta ba, ko asibitin bai kawo bayanin yadda ya kashe na baya ba. Na farko laifin Abuja ne. Na biyu na gwamna ne, amma aikin minista ne ya fallasa jihar da ta gaza, ya daina rufa mata asiri don jam'iyyarsu ɗaya. Na uku kuwa laifinmu ne na gida, sai mu tambayi incaji da shugaban kwamiti.

Ilimi ma kusan haka ne. Dokar 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma jiha ba ta karɓar kasonta na gina azuzuwa sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Shi ya sa ake samun kuɗi jibge a asusu a Abuja alhali yara na zaune a kan dandamalin ƙasa. Hukumar kan fitar da jerin jihohin da ba su ɗauki nasu ba. Ku nemo shi kafin ku yanke hukuncin wa za ku zaga.

Yanzu ga inda aka fi yi mana wasa da hankali. In minista ya ce "mun ware biliyan kaza", bai ce an kashe ba. Tsakanin warewa da ruwa ya zubo daga famfo akwai matakai da yawa: majalisa ta amince, shugaban ƙasa ya sa hannu, ma'aikatar kuɗi ta ba da izinin saki, ofishin akanta janar ya sa kuɗi na gaske, hukuma ta ba da kwangila, a biya kafin alƙalami, a duba aiki, a biya ragowar. A kowane mataki aiki na iya mutuwa. Kasafin manyan ayyuka na 2024 sai da aka tsawaita shi zuwa watan Yunin 2025, aka sake tsawaitawa zuwa Disamba, don ba a gama sakin kuɗinsa ba. Saboda haka tambayar "nawa aka ware" tambayar yara ce. Ta manya ita ce nawa aka saki, yaushe, wa aka biya, kuma kashi nawa na aikin ke ƙasa.

Kowane babban aiki a kasafin tarayya yana da lambarsa, galibi tana farawa da haruffan ERGP, kuma kundin kasafin yana shafin ofishin kasafi kyauta. Buɗe shi a waya, ka rubuta sunan ƙaramar hukumarku ko na garinku a wurin nema. Kada ka tsaya a ma'aikatar da kake zato. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, waɗanda aka daɗe ana ware musu naira biliyan 100 duk shekara, ana cusa su ne a kowace hukuma da ɗan majalisar ya ga dama. Sai ka tarar da fitilun titi a kasafin kwalejin noma, ko ajin firamare a kasafin cibiyar bincike da ke wata jiha mai nisa. Rijiyoyin burtsatse da yawa na zaune a kasafin hukumomin raya koguna irin su Hadeja-Jama'are da Sakkwato-Rima, waɗanda ke ƙarƙashin ministan ruwa. Ɗan majalisa ne ya kawo aikin, shi zai yanka kintinkiri, amma a doka hukumar ce ke ba da kwangila da biyan kuɗi, minista kuma shi ke kanta. In aikin ya lalace, ba shi da ikon cewa bai sani ba. Kuma tambaya ce mai kyau a yi masa: me ya sa hukumar da ba ta da injiniyan gini ko ɗaya take karɓar aikin gini a inda ba ta da ofis?

Bari in ɗan tsaya a kan rijiyar burtsatse, don a nan kuɗin karkara ya fi nutsewa. Rijiya mai ƙarko tana farawa da awon ƙasa don gano inda ruwa yake. A yankunan da ƙasansu dutse ne, kamar yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina, ruwan yana cikin tsagar dutse ne, matsawar taku kaɗan na iya raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Ɗan kwangila mai son cin riba yakan tsallake awon, ya haƙa inda mai gari ya nuna ko ƙofar gidan wani babba. Yakan haƙa da damina lokacin da ruwa ke sama, ya tsaya da zarar ya ga danshi, ya rubuta zurfin da bai kai ba tunda da mita ake biyansa. Ya sa bututu mai laushi, ya rage tsakuwar da ake zubawa a gefensa don tace yashi, ya tsallake gwajin da ake yi na jan ruwa na sa'o'i don a san ƙarfin rijiyar. Sai a zura sumo, wato injin jan ruwa, mai ƙarfin da ya fi abin da rijiyar ke iya bayarwa, ba na'urar da za ta kashe shi in ruwa ya yi ƙasa. Da bazara ta kama, ruwa ya ja, sumo ya juya a bushe ya ƙone. Daga nan ɓarayi su kwashe farantan sola, shi ke nan, allon sanarwa kaɗai zai rage.

Duk waɗannan abubuwa a rubuce suke a takardar ƙididdigar aiki da ke cikin kwangilar: zurfi, kaurin bututu, ƙarfin sumo, yawan faranti, girman tanki. Wanda ya samu wannan takarda ya je gindin rijiya ya ƙirga faranti ya gama rabin bincike. Sannan a yawancin kwangiloli ana riƙe wani kaso, galibi 5 cikin 100, har sai wasu watanni sun wuce ba matsala. In rijiya ta tsaya cikin wannan lokacin, ku kai ƙara a rubuce nan take, kafin a saki kuɗin. Bayan an saki, ihu ne bayan hari.

Ta yaya za a samu takardun? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowa na da ikon nema, kuma ba sai ka faɗi dalilinka ba. Rubuta wasiƙa gajera zuwa ga babban sakataren ma'aikatar ko shugaban hukumar, ka ambaci dokar, ka sa lambar aikin da shekararsa, ka nemi abubuwa ƙayyadaddu: sunan kamfani, kuɗin kwangila, abin da aka biya da ranakunsa, takardar ƙididdiga, da takardar shaidar kammalawa tare da sunan wanda ya sa mata hannu. Kada ka rubuta "duk bayanan da suka shafi aikin", za su ɓatar da kai. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka, don da wannan hatimin ne agogo ke fara juyawa. Suna da kwana 7, za su iya ƙara wasu 7 da dalili. Shiru daidai yake da hanawa, kuma kana da kwana 30 ka tafi kotu. Tarar hana bayani ba bisa ƙa'ida ba naira 500,000 ce, wadda a yau ba ta tsorata kowa, amma hukuncin kotu da sunan hukuma a jarida yana tsorata su. Wanda bai iya rubutu ba, doka ta yarda wani ya nema a madadinsa. Kafin amsa ta zo, duba shafin intanet na baitulmalin tarayya da aka buɗe a ƙarshen 2019, inda ya kamata hukumomi su wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5. Shafin kan yi hutu ba sanarwa, amma ƙungiyar BudgIT mai sa ido kan kasafin kuɗi na tattara irin bayanan, kuma shirinta na Tracka na bin ayyukan mazaɓu.

In takarda ta zo hannu, ƙofofi biyu ne suka fi amfani. Hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu tun 2019, ta kuma sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Sai majalisa. Sashe na 67 na kundin tsarin mulki ya wajabta wa minista zuwa in an gayyace shi ya yi bayanin ma'aikatarsa, sashe na 88 da 89 sun ba majalisa ikon bincike da sammaci. Ana shigar da koke ta hannun ɗan majalisa zuwa kwamitin koke-koken jama'a. Lokacin da ya fi dacewa shi ne makonnin kare kasafi, don a lokacin ne kaɗai minista ke zuwa yana neman wani abu. Matsalar ita ce wani lokaci mai tambayar shi ne uban gidan ɗan kwangilar. In haka ne, ku nemi wani ɗan kwamitin daga wata jiha ko wata jam'iyya.

Minista dai ba zaɓensa muka yi ba, ba mu da ikon yi masa kiranye, wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke iya cire shi. A Nuwamban 2023 ministoci sun sa hannu a kan alkawarin cika aiki, aka ɗora wa ofishin Hadiza Bala Usman, mai ba shugaban ƙasa shawara a lokacin, auna su, aka fitar da manhajar da jama'a za su ba da rahoto, a Oktoban 2024 kuma aka sallami biyar. Amma makin kowane minista ba a baje shi a faifai ba, balle mutumin Gwadabawa ko Ningi ya gwada shi da abin da idonsa ya gani. Wannan ma abin nema ne a rubuce.

Mu ma da namu. In minista ɗan jiharmu ya zo gida, layin da ke ƙofarsa na masu neman kujerar Makka ne da takardar aiki ga ɗa, kowa da "ranka ya daɗe" a baki. Wanda ya karɓi ambulan da daddare ba zai iya tambayar lambar kwangila da safe ba. Kuma a ƙauye mai tambaya shi kaɗai ana iya matsa masa ta hannun dagaci ko ta wurin aikinsa. Don haka kada wasiƙa ta fita da sunan mutum ɗaya. Ta fita da sunan kwamitin mazaɓa, ko ƙungiyar ci gaban gari, ko ta iyaye da malamai, mutum biyar ko goma su sa hannu, da mata a ciki tunda su ke zuwa awo da ɗebo ruwa. A ɗauki hoton aikin da kwanan wata duk wata, a ajiye kwafin komai a hannun mutum biyu daban, ɗaya a gari, ɗaya a birni.