Wa'azin arziki a coci: SAP ce ta zuba masa taki

Duk lokacin da aka sa hoton jirgin saman wani babban fasto a Facebook sai ka ga mutane na ta dariya, wai mabiya an maishe su saniyar tatsa. Ni dai ban cika yarda da wannan dariyar ba, don yawancin masu cika kujerun nan ba jahilai ba ne, akwai ma'aikatan banki, likitoci, lauyoyi, 'yan boko sosai.

Wannan wa'azi na cewa Allah bai nufe ka da talauci ba, ka ba da zakka da baiko, ka "shuka iri" ka girbi arziki tun nan duniya, Fasto Benson Idahosa na birnin Benin ne ya yi masa hanya a Najeriya bayan ya je karatu Amurka. Shi kuma David Oyedepo, da yawa ba su san a Kaduna ya fara cocinsa na Living Faith a 1983 ba, kafin ya gina majami'ar mutum dubu 50 a Ota ta jihar Ogun a 1999. To ku duba lokacin da abin ya bunƙasa. 1986 Babangida ya kawo SAP, shirin garambawul ga tattalin arziki, naira ta faɗi, masana'antu suka fara rufewa, mai digiri ya koma yawon neman aiki da fayil a hammata. A irin wannan hali wanda ya ce maka gobe taka ce, ya koya maka sa kwat, zuwa kan lokaci, daina giya da tsara kasuwanci, ai dole ka saurare shi.

Kuma irin cocin nan zamani ne tsantsa, da talabijin da jami'o'i da rassa kamar kamfani. Je ka sansanin cocin Redeemed a hanyar Legas zuwa Ibadan, gari ne guda da titi da wuta da makarantu, abin da gwamnati ta kasa. A Landan ma haka, Matthew Ashimolowo ya kafa cocin KICC a 1992, baƙon da ya sauka ba dangi ba kowa a coci yake samun mai nuna masa ɗakin haya da aikin farko.

Inda nake rabuwa da su shi ne maganar laifi. In ka yi arziki an ce alkawari ya cika, in ba ka yi ba an ce bangaskiyarka ce ta yi rauni ko akwai maƙiyi a dangi, fasto ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa. Wanda ya cinye kuɗin asibiti kuwa yana kujerar gaba. Sannan jami'ar da aka gina da baikon talaka, ɗansa ba ya iya biyan kuɗinta.

Mu ma dai kar mu cika baki. Ɗan kasuwar da ke kai wa malam rago don a yi masa rubutun sha kasuwa ta buɗe, shi ma lissafinsa ke nan, sai dai malaminsa bai da tashar talabijin.