Mutumin da ke cikin ido

Wani marubuci ya ce kalmar Turancin nan "pupil" ta ɗalibi da "pupil" ta ɗigon baƙin tsakiyar ido sun yi kama ne kawai. A'a, tushensu ɗaya ne a Latin. "Pupa" yarinya ce ko 'yar tsana, "pupilla" kuma 'yar ƙaramarta, daga ita aka samo sunan ɗigon ido. Daga "pupillus", wato maraya da ke hannun mai riƙo, aka samo ma'anar ɗalibi.

Me ya kawo 'yar tsana cikin ido? Ka matso kusa da fuskar wani a wuri mai haske, za ka ga ɗan ƙaramin hotonka a baƙin idonsa. Girkawa ma "kore", yarinya, suke cewa. Malamanmu na zaure sun san Larabawa na ce masa "insanul aini", mutumin ido.

Amma fa ɗigon nan rami ne kawai. Hoton daga fatar nan mai sheƙi ta gaban ido yake dawowa. Faɗin ramin kan kai milimita 2 zuwa 4 a haske, 4 zuwa 8 a duhu. In mutum ya bugu a kai, sannan na ido ɗaya ya buɗe ya ƙi tsukewa da aka haska tocila, a garzaya asibiti, mai yiwuwa jini ne ke danne ƙwaƙwalwa.