Aikin ƙungiyar agaji wa'adi gare shi, ka san ranar da naka zai cika

Ɗan'uwa mai aiki a ƙungiyar agaji, a Maiduguri kake ko Damaturu ko Yola, ka ɗauko kwantiragin da ka sa wa hannu ka nemo ranar ƙarewarsa. Albashinka yana fitowa ne daga kasafin wani aiki guda da mai ba da tallafi ya amince da shi na wata shida, ko shekara ɗaya, ko biyu. Ranar da aikin ya ƙare gurbinka ya tafi, ko da kai ne ka fi kowa ƙwazo a ofis. Mai shakka ya tuna 2025: ranar 20 ga Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90, daga baya aka rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, ma'aikata da dama a arewa maso gabas suka wayi gari babu aiki.

Saboda haka kada ka ɗauki hayar gida ko bashin mota da ya zarce wa'adin kwantiraginka. Ka ware abin da zai riƙe gidanka wata uku zuwa shida. Ka kuma leƙa asusun fanshonka. Dokar fansho ta 2014 ta ce wanda ya ɗauke ka aiki ya sa aƙalla kashi 10 cikin ɗari na albashinka, a cire 8 daga naka, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Wasu ƙananan ƙungiyoyi suna cirewa ba sa turawa, kuma ba ka ganewa sai ka nemi bayanin asusun. Idan aiki ya tsaya ka yi wata huɗu ba ka samu wani ba, doka ta ba ka damar cire kashi 25 na abin da ke ciki.

Amma abin da ya fi kayar da matasa a wannan aiki takarda ce. An ba ka kuɗin taro ko na tafiya ƙauye, ka kashe su a kan hanya, babu ha'inci, sai ka dawo ka bar lissafin ya yi mako uku a cikin jaka. Rasit ɗin mai ya koɗe, na mai abinci babu kwanan wata, takardar halarta tana da suna arba'in amma waɗanda suka karɓi kuɗin mota talatin da takwas ne suka sa hannu. Kai ka san mutum biyu sun tafi sallar La'asar aka ba su a waje. Mai binciken kuɗi da zai zo bayan shekara guda bai san wannan ba, kuma ba zai tambaye ka ba. Zai rubuta cewa kuɗin ba su da hujja, mai tallafi ya ce a maido, ƙungiya ta cire daga albashinka. Ka ɗauki hoton kowane rasit a ranar da ka karɓa. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa a gabanka. Ragowar kuɗi, ko naira ɗari biyar ce, ka mayar ka karɓi shaida. Kuma duk matsin da kake ciki, kada ka cike sunan wanda bai zo ba don lissafi ya daidaita; rubutun hannu ɗaya a layi goma shi ne abu na farko da ido ke kamawa.

Haka batun saye. Idan tsarin ofis ya ce a kawo farashi daga 'yan kasuwa uku, uku na gaske ake nufi, ba shagon ɗan'uwanka da takardu biyu da shi ya samo ba. In oga ya ce ka tsallake wani mataki don sauri, ka ce masa cikin ladabi, “Ranka ya daɗe, a turo min ta imel.” Sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

Wanda kake raba wa abinci ko kati a sansani amana ne a hannunka. Neman mace daga cikin masu karɓar tallafi, ko karɓar goro don a sa suna a jeri, laifin kora ne, kuma ƙungiyoyi suna tambayar juna kafin su ɗauki mutum. Ke ma 'yar'uwa, idan wani babba ya fara haɗa sabunta kwantiraginki da wata buƙata tasa, ki adana saƙonninsa da kwanan wata, ki kai ƙara ta hanyar sirri da ƙungiya ta tanada.

Sai abin da za ka tafi da shi. Tarin satifiket na bitar otal ba ya ɗaukar kowa aiki. Ka zaɓi fanni ɗaya ka iya shi sosai: tsara fom a manhajar tattara bayanai ta KoboToolbox da tace bayanai a Excel, ko kasafin kuɗi, ko rubuta takardar neman tallafi. Shafin intanet na Kaya, na horar da ma'aikatan agaji, yana da darussa kyauta. Ka roƙi mai rubuta rahoton wata ya bar maka sashe ɗaya. Ka riƙa rubuta abin da ka yi da adadi, ƙauyuka nawa, gidaje nawa, kasafin nawa ka riƙe, domin shi za a tambaye ka a intabiyu. Saura wata uku kwantiragi ya ƙare ka fara nema, ka kuma karɓi lambar ogan naka ta kansa da imel ɗinsa, don na ofis ana rufe shi ranar da shi ma ya tafi.