Koren Zalɓe Ba Jira Kawai Yake Yi Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk zalɓe da haƙuri kaɗai yake samun abinci, wato ya tsaya cik a cikin ruwa har kifi ya zo da kansa. Wannan fahimta ba ta dace da koren zalɓe ba, wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai tsawon kusan santimita 44 da ke zaune a fadamu da bakin tafkuna na Arewacin Amurka da Amurka ta Tsakiya.

Shi wannan tsuntsu yakan ɗauko ƙwaro, ko gashin tsuntsu, ko ɗan tsinke, ko ɓarɓashin burodi, ya jefa a kan ruwa, sannan ya laɓe a kan reshe yana kallo, da zarar ƙaramin kifi ya taso domin ya duba abin sai ya miƙe wuyansa da ya naɗe ya cafke shi. Idan ruwa ya janye abin, yakan ɗauko ya sake ajiye shi kusa, kuma wannan ne ya fi burge ni. Ba kowane ɗayansu ke yin haka ba, amma dabarar ta sanya shi cikin tsuntsaye ƙalilan da aka tabbatar suna farauta da kayan aiki.