Rawanin kakana da ya koma kore

Bara na kai tsohon hoton kakanmu wani shago a goge masa tabo a sake bugawa, irin baƙi-da-farin nan na da. A cikin shago, ƙarƙashin fitila, hoto ya yi kyau har na ƙara wa yaron na shan ruwa. Ina fitowa rana sai ga rawanin tsoho ya ɗauki kore-kore, inuwar gemunsa kuma tana ja kamar an ɗiga zoɓo. Ban ga laifin yaron ba, tawadar da ke hannunsa ce ba ta wannan aikin ba ce.

Galibin firintocin tanki, wato masu tankin zuba tawada, da ke shagunanmu baƙi ɗaya tal gare su. In ana son ruwan toka, sai injin ya cakuɗa shuɗi da ja da rawaya, kuma awon ko kaɗan ya goce, launi ya leƙo. Ga shi kowane launi da yadda yake amsa haske, shi ya sa hoton rana daban, na fitila daban. Tawadar kuma ta rini ce, kuma launukan ba sa koɗewa tare, don haka ko yau ya fito daidai, baɗi sai yadda hali ya yi.

Wasu kan sa firinta ta buga da baƙi zalla. Launi kam ya tafi, amma a wuraren haske, goshi ko sararin sama, sai ka ga ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masoro. A hoton kasuwa ko katangar laka ina son haka. Fuskar amarya kuwa, a'a.

Inda na tsaya ni shi ne tawadar gari, wato mai ƙwayoyin hoda ba rini ba, wadda masu shago ke kira figiment, mai toka daga kamfani. A 2005 Epson ta fito da tawadar UltraChrome K3 a firintar R2400: baƙi, toka mai duhu, toka mai haske. Canon PRO-1000 ma baƙi biyu gare ta da toka biyu. Tokar ce ke ɗaukar nauyin hoton, launi ɗan kaɗan ake sawa don a kashe ruwan ƙasa-ƙasan da baƙin gawayi ke da shi.

Akwai 'yan a-mutu da ba su yarda da ko ɗigon launi ba. Jon Cone na jihar Bamont a Amurka ya ƙirƙiro Piezography: a kwashe launukan kaf, a zuba baƙi hawa-hawa, a samfurinsa mai suna K7 har hawa bakwai, a tuƙa da manhajar QuadToneRIP ta Roy Harrington. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san sirrin, ai tawadarmu ma gawayi ce da ƙaro, kuma rana ba ta cin gawayi. A laushin inuwa da daɗewa ba na musu, su ne gaba. To amma firintar ta zama ta baƙi-da-fari kaɗai, garanti ya tafi, tawada sai an yo oda da dala. Garin tawadar yana kwantawa in an bar ta zaune, ga ƙurar hunturu, kan firintar mai fesa tawada ya toshe, wankin kai kuma tawada yake sha kamar raƙumi. Mai shagon da cinikinsa fasfo ne da hoton biki, me zai kai shi?

Na sake bugo hoton da mai toka, a takardar auduga marar sheƙi, kuma sai da na fita da shi bakin ƙofa kafin na biya. Da na kai wa Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Rawanin Malam dai ya dawo. Amma kai, ina ƙyallin nan na wancan?"