Siginar ƙarƙashin ƙasa ba ta isa a kwashe gari saboda ita ba

Ranar 17 ga Oktoban 1989 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.9 ta afka wa yankin Loma Prieta a jihar Kalifoniya ta Amurka, mutum 63 suka rasu. Da ƙura ta lafa, Antony Fraser-Smith na Jami'ar Stanford ya duba na'urarsa ta auna maganaɗisu da ke Corralitos, kimanin kilomita 7 daga cibiyar girgizar. Sai ya ga wata sigina mai kaɗawa a hankali ta fara hawa kusan mako biyu kafin ranar, sannan ta yi tsalle ana saura sa'o'i uku.

Maganar cewa irin wannan sigina na iya zama gargaɗin girgizar ƙasa ba ta rasa tushe ba. Dutse idan ya matsu yakan tsattsage, ruwa ya ratsa tsagar, hakan kuma na iya haifar da lantarki. Sigina mai jinkirin kaɗawa ce kaɗai ke iya keto kilomitoci na dutse, mai sauri a hanya take mutuwa.

To amma a Parkfield, wani ƙauye a Kalifoniya, inda masana suka jibge na'urori tun shekarun 1980 suna dakon girgiza, ta zo a 2004 da maki 6.0 ba tare da wata alama ba. A 2009 masana hukumar binciken ƙasa ta Amurka suka sake nazarin bayanan Corralitos, suka ce matsalar na'ura ce. Guguwar maganaɗisu da ke tasowa daga rana, da tsawa, da jiragen ƙasa masu lantarki duk suna haifar da irin wannan sigina. A Girka ma, tun 1981 Panayiotis Varotsos da abokan aikinsa ke cewa suna hango girgiza ta wannan hanya, har yau ana ta ja-in-ja.

Ni ina goyon bayan a ci gaba da bincike, irin wanda Sin ke yi da tauraron ɗan'adam na Zhangheng-1 da ta harba a 2018. Sharaɗina ɗaya: duk mai iƙirarin hasashe ya rubuta wuri da lokaci da ƙarfin girgizar tun kafin ta auku, a kuma ƙirga sau nawa ya faɗa ba ta zo ba. Gano alama bayan gidaje sun rushe kowa ma ya iya. Gargaɗin ƙarya kuwa yana nufin fitar da marasa lafiya daga asibiti su kwana a titi, gobe kuma a ƙi saurarar na gaskiya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda fatan hasashe ke ɗauke hankalin gwamnatoci daga ingancin gini. A girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023 sama da mutum 50,000 suka mutu, akasari ƙarƙashin benaye. Shekara biyar kafin nan, gwamnatin Turkiyya ta yi wa gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa, masu su suka biya kuɗi aka ba su takarda.